Neman Sunan Hausa ga Ƙarfen da ke Haɗa Taragan Jirgin Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama domin rubuta bayanin wani abu na fasaha da Hausa, ko kuwa aka ba shi rubutun wani ya gyara, ya san inda alƙalami yake cijewa. Manyan abubuwa suna da sunayensu tun da daɗewa: jirgin ƙasa, tasha, tarago, birki, dogo ko kwangiri. Jirgi ya iso Kano daga Baro a 1911, kuma tun ana cikin shimfiɗa hanyar harshe ya fara kama kalmominsa, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi wa aikin waƙar nan da aka sani da suna Waƙar Diga. Sai dai kalmomin da suka zauna a bakin jama'a na abubuwan da fasinja da ɗan kallo suke gani ne. Ƙananan sassa kuwa, waɗanda ran ma'aikaci ya rataya a kansu, marubuci kan rasa abin da zai kira su, sai ya shiga kewaye-kewaye, a shafi ɗaya ya kira abu guda da sunaye uku.

Wannan maƙala ta ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan sassa, watau ƙarfen da ke tsakanin tarago da tarago, wanda ake kira "coupler" da Ingilishi, musamman nau'insa na zamani da ake wa laƙabi da "automatic". Tambayar ita ce: in za a buɗe masa babi a kundin ilmi na Hausa, wato insakulofidiya, da wane suna za a buɗe babin, kuma me sunan zai sa mai karatu ya zata?

Mai karatun da aka sa a gaba wajen auna kowace kalma shi ne irin wanda ake samu a Kwali, hedikwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya, a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja. Ƙasar Gbagyi ce, amma Hausa ce ke haɗa ƙabilu da dama a kasuwa da tashar mota. Akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya a garin, ga kuma Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda a cikin ƙaramar hukumar, saboda haka ba a rasa masu neman bayanin na'ura. Dogo bai bi ta Kwali ba. Wanda zai shiga jirgin Kaduna sai ya tafi Idu ko Kubwa. Ke nan ga mai karatu wanda Hausa harshensa na biyu ce, kuma mai yiwuwa bai taɓa leƙa tsakanin taragai biyu ba. Kalmar da ta isar da saƙo gare shi za ta isar ga Bakano da Basakkwace. Akasin haka ba lallai ba ne.

2.0 Abin da ake nema wa suna

Ba a raɗa wa abu suna sai an san aikinsa, don haka dole a ɗan tsaya a kan ƙarfen kansa.

A Amurka ta ƙarni na 19, ana haɗa taragai ne da wani dogon zobe na ƙarfe da ƙusa biyu. Ma'aikaci zai shiga tsakanin taragon da ke tsaye da wanda ake turowa, ya ɗaga zoben da hannu ya saita shi da bakin da zai shiga, sa'an nan ya zare hannunsa cikin ƙiftawar ido ya jefa ƙusa. Wanda ya makara ya rasa yatsu, wanda ya yi tuntuɓe kuwa taragai su matse shi. A Turai wata hanya aka bi: kowane tarago yana da ƙugiya a tsakiya da ƙarafa biyu masu faɗin kai a gefe da gefe, waɗanda suke tokare juna. Ma'aikaci zai sunkuya ya shiga, ya ɗaga sarƙa mai nauyi ya rataya a ƙugiyar ɗaya taragon, ya murɗa wani ƙarfe mai zare irin na noti har sarƙar ta ɗame. Har yau da wannan tsari yawancin taragan kaya na Turai suke aiki.

A 1873 wani Ba'amurke mai suna Eli Janney, wanda ma'aikacin kanti ne a garin Alexandria na jihar Virginia, ya yi rajistar wata sabuwar dabara. Siffarta kamar mutum biyu ne kowanne ya lanƙwasa yatsunsa, suka maƙala su cikin na juna. A kan kowane tarago akwai kai na ƙarfe, a jikin kan akwai wani lanƙwasasshen yanki da ke juyawa a kan ƙusa. In an buɗe shi aka turo tarago, da zarar kawunan biyu sun haɗu sai yankin ya rufe a bayan ɗan'uwansa, wani ƙarfe kuma ya faɗo daga sama saboda nauyinsa ya tokare shi. Kwancewa kuwa da wata sanda ake yi wadda ta miƙo har gefen tarago. Majalisar Amurka ta yi doka a 1893 da ta wajabta wa kamfanonin jirgin ƙasa amfani da ƙarfen da zai kama da zarar taragai sun haɗu, kuma a iya kwance shi ba tare da mutum ya shiga tsakani ba. Dokar ta fara aiki sosai a 1900. Haɗurran da suka shafi haɗa taragai sun kusa 11,000 a 1892, amma a 1902 sun ɗan haura 2,000 ne kawai, alhali yawan ma'aikata ƙaruwa ya yi.

Daga nan nau'o'i suka yawaita. Karl Scharfenberg ya fito da nasa a Jamus a 1903. Tarayyar Sobiyet ta ɗauki wanda ake kira SA3, ta yi fiye da shekara ashirin tana sauyawa har ta kammala a 1957. Japan kuwa shekaru ta yi tana shiri, sa'an nan ta sauya na taragan kayanta cikin 'yan kwanaki a watan Yuli 1925. Nijeriya ma tana cikin wannan tarihi. Ƙaramin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos domin jigilar kuza, mai faɗin milimita 762, wanda aka rufe a 1957, ya yi aiki da nau'in ABC, wanda J. T. Jepson ya yi wa rajista a Ingila a 1906. Shi wannan ƙugiya gare shi da zobe mai lilo. Taragai na haɗuwa sai zoben ɗaya ya faɗa kan ƙugiyar ɗaya. Sabon dogon Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 da faɗin milimita 1,435, an buɗe shi a Yuli 2016 da taragan da aka kawo daga ƙasar Sin, ƙasar da ita ma tsarin Janney ta ɗauka a layukanta.

Abubuwa biyu ya kamata mai neman suna ya riƙe daga wannan bayani. Nau'o'in suna da yawa kuma ba sa shiga juna, don haka ana bukatar suna ɗaya da zai game su, da hanyar bambanta su. Sa'an nan ƙarfen zamani ja yake yi kuma tokarewa yake yi: shi ke jan tarago in jirgi ya tashi, shi kuma ke karɓar nauyin turi in an taka birki.

3.0 Sunan da zai game nau'o'in

Hanya mafi sauƙi ita ce aro. Bisa yadda Hausa ta saba sarrafa kalmomin Ingilishi, inda /p/ ke komawa /f/ kuma wasali ke shiga tsakanin baƙaƙe biyu, abin da za a zata shi ne kalmar ta fito kamar "kafula". Aro ba aibi ba ne. Tasha da birki da reluwe duk ta nan suka shigo. Amma su jama'a ce ta aro su domin tana ganin abin kullum. Kalmar aro da aka ƙaga a kan tebur don abin da mai karatu bai taɓa gani ba, sauti ce kawai a kunnensa, ba ta gaya masa komai.

Sai faɗaɗa ma'anar kalmar da ake da ita. "Sarƙa" da "ƙugiya" su ne suke fara zuwa wa mai fassara. Dukkansu sun dace da tsarin Turai, ƙugiya kuma ta dace da ABC, amma nan suka tsaya. Sarƙa tana ja, ba ta tokarewa, kuma wanda ya karanta "sarƙar tarago" zai je Idu yana neman abin da ke reto. Sunayen sassa ne na wasu nau'o'i, ba za su ɗauki nauyin jinsin gaba ɗaya ba.

Hanya ta uku, wadda aka bi sosai a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, ita ce tsiro da suna daga aikatau. Hausa tana da tsari tsayayye na sunan kayan aiki: ɗafa-goshin ma-, tushen aikatau, ɗafa-ƙeyar -i, da karin sautin sama tun daga farko har ƙarshe.

(1) buɗe: mabuɗi, mabuɗai
(2) kulle: makulli, makullai
(3) ɗaure: maɗauri, maɗaurai

Aikatau uku ne suke takara a nan: haɗa, sarƙa da jona.

"Mahaɗi" shi ne wanda kowa zai fara kawowa, kuma shi ne mafi rauni, domin kaya sun yi masa yawa. A nahawu shi ne sunan kalmomi irin su "da" da "amma". A kicin shi ne abin da ake cin tuwo ko shinkafa da shi, a wurin masu magani kuma shi ne abin da ake cakuɗa garin magani da shi. Mafi muni, a cikin babin jirgin ƙasa kansa yana zaune kusa da 'yar'uwarsa "mahaɗa", watau inda layuka biyu suka gamu, kamar Kafanchan. Wasali ɗaya ne tsakaninsu. In kuma aka buga shi a na'urar da ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya, abin da ke faruwa kullum, sai ya koma "mahadi", mai karatu ya tsaya yana tunanin abin da ya kawo Mahadi tashar jirgi.

"Masarƙi" ya fi shi kyau ta fuskar ma'ana. Aikatau "sarƙa", kamar a "ya sarƙa yatsunsa", ya zana hoton dabarar Janney daidai. Amma a nan ne mai karatun Kwali yake da abin cewa. Da yawa daga cikin masu magana da Hausa a matsayin harshe na biyu ba sa bambanta /ƙ/ da /k/, a rubutu ma ƙugiyar takan faɗi. Abin da zai rage shi ne "masarki", wanda kunne zai kai shi gidan sarauta. Ga shi kuma yana tuna wa mutum sarƙar da aka riga aka ce ba ita ba ce.

Saura "majoni". Aikatau "jona" daga Ingilishi ya zo, amma ya daɗe da zama ɗan gida: ana jona waya, ana jona bututu, abu yana zama a jone. Ma'anarsa kuma ta fi ta "haɗa" ƙunci, domin ba a jona gari da ruwa, sai abubuwa biyu masu baki ko kai da za su zama layi ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da ake yi wa taragai. Babu baƙi mai ƙugiya a cikinsa, babu kuma wata kalma da yake karo da ita a rubutu. Masu ƙyamar a ɗora ɗafin Hausa a kan tushen aro sai su tuna da "makaranta" da "masallaci", waɗanda tushensu Larabci ne, ba kuwa wanda ke jin baƙuncinsu.

Matsala ɗaya ce gare shi, kuma ta tsarin ce gaba ɗaya. Sunan mai aiki ma da ma- da -i ake gina shi, kamar "maɗinki" da "maƙeri", karin sauti ne kawai ya raba su, domin na mai aiki sama-ƙasa-sama ne. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti. Saboda haka jimla kamar "kada majoni ya shiga tsakanin taragai" tana iya nufin mutum. A jam'i bambancin yana fitowa, majona ga mutane, majonai ga ƙarafa, amma a tilo babu. Maganin abin yana hannun mai gyara: a keɓe "majoni" ga ƙarfe, a kira ma'aikacin "mai jona taragai", kada a saɓa ko sau ɗaya daga farkon babi har ƙarshensa.

4.0 Laƙabin "automatic"

A nan ne kuskuren fassara yake iya kai mutum asibiti. Kafofin watsa labarai sun saba da "mai sarrafa kansa", kamar yadda ake cewa bindiga mai sarrafa kanta, kuma mai gyara zai ga kamar an riga an gama masa aiki. A duba waɗannan:

(4) majoni mai sarrafa kansa
(5) majoni mai kama kansa
(6) majoni mai kamawa da kansa

A (4) da (5) "kansa" karɓau ne, aikin a kansa yake faɗawa. Misali na (4) yana nufin ƙarfen ne ke tafiyar da dukkan al'amarinsa. Misali na (5) ya ma fi ɓata, domin "kama kai" a Hausa natsuwa ce da tsare mutunci, sai ya zama ana yabon halin ƙarfe. A (6) kuwa "da kansa" bayanau ne mai nuna cewa aikin ya auku ba da taimakon wani ba, kuma aikin da ake magana a kai guda ɗaya ne tak, watau kamawa. Wannan shi ne gaskiyar abin.

Majonin Janney kamawa kaɗai yake yi da kansa, ita ma da sharaɗi. Dole aƙalla ɗaya daga cikin kawunan biyu ya kasance a buɗe. In duk a rufe suke, karo kawai za su yi. Dole kuma su kasance suna fuskantar juna. In ɗaya ya karkace, musamman bayan an kwance shi a kan kwana, sai mutum ya tura shi da ƙarfinsa ya daidaita. Kwancewa da hannu ake yi. Bututun iskar birki, wanda ke reto a ƙarƙashin majoni, shi ma sai mutum ya sunkuya tsakanin taragai ya jona shi. Ashe hannun ɗan Adam bai fita daga aikin ba, raguwa ya yi.

Ba Hausa kaɗai wannan laƙabi ya wahalar ba. A 1996 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan ƙarar da kamfanin Norfolk and Western ya ɗaukaka, bayan wani ma'aikacinsa ya ji ciwo a baya yana ƙoƙarin daidaita majonin da ya karkace. Hujjar ma'aikacin ita ce, tun da doka ta ce ƙarfe ya kama da kansa, duk lokacin da aka bukaci mutum ya shiga tsakani an karya doka. Kotu ba ta yarda ba. Ta ce karkacewa abu ne da ke faruwa a aikin yau da kullum ko da ƙarfen lafiyarsa lau, don haka ita kaɗai ba ta isa ta ɗora wa kamfani laifi ba. In masu harshen da aka ƙirƙiri kalmar a cikinsa sun kai juna har kotun ƙoli a kan iyakar ma'anarta, bayan shekara ɗari da yin dokar, bai kamata mai fassara ya zaɓi lafazin da ya fi na asali faɗi ba.

"Mai sarrafa kansa" yana da wurin da ya fi kusa da dacewa, shi ne nau'in Scharfenberg, wanda ake gani a jiragen fasinja na zamani. Shi yana jona ƙarfe da bututun iska da wayoyin lantarki a lokaci guda, kuma direba na iya kwance shi daga mazauninsa. Irin kansa ne aka zaɓa a 2021 domin sabon majonin da ake shirin sa wa taragan kaya na Turai. In an riga an kashe laƙabin a kan Janney, da me za a kira wannan? Ya fi kyau a jera su hawa uku: majonin hannu, majoni mai kamawa da kansa, da cikakken majoni, wanda za a bayyana da cewa yana jona har da iska da lantarki.

Wani zai ce (6) ya yi tsawo, kuma gaskiya ne. Hausa tana da hanyar gajarta irin wannan, ta harɗaɗɗun sunaye masu siffar umurni kamar "faɗi-ka-mutu" da "dafa-duka", kuma ba abin mamaki ba ne wata rana a ji ma'aikata sun laƙaba masa wani abu mai kama da "taɓa-ka-kama". Sai dai irin waɗannan sunaye bakin jama'a ne ke haifar su, da raha a cikinsu. Kwamiti bai iya su ba, kuma kundin ilmi zai jira ne ya tarar da su ya rubuta.

5.0 Sassa da ayyuka

Sassan ba su da wuya in aka bi al'adar harshen ta ba kayan aiki sunayen gaɓoɓin jiki. Tukunyar da maginan Kwali suka yi suna a kanta, tun kafin Ladi Kwali ta kai sana'ar idon duniya, tana da baki da wuya da ciki da gindi. Zarto yana da haƙora, jirgi kansa yana da kai. Don haka "kan majoni" da "wuyan majoni" ba sa bukatar dogon bayani. Yankin nan mai juyawa, Ingilishi ya ba shi sunan gaɓar yatsa, amma "gaɓa" a Hausa tana kai hankali ga wurin lanƙwasawa, ba ga abin da ke kamawa ba. "Yatsa" ya fi, domin shi ne ke lanƙwashewa ya maƙale ɗan'uwansa. An ƙera shi ne yadda zai riga sauran sassa karyewa in ja ya yi yawa, saboda sauya yatsa ya fi sauya kai sauƙi. Ƙarfen da ke faɗowa ya tokare yatsa kuwa, duk wanda ya taɓa rufe ƙofar ɗaki ya san sunansa: sakata. Ƙarafan gefe na tsarin Turai sai a kira su "matokarai".

Aikatau ma suna bukatar kulawa. Rabuwar taragai iri biyu ce, kuma Hausa ta riga ta raba su: "an kwance tarago" aiki ne da aka yi da niyya, "tarago ya ɓalle" kuwa haɗari ne. Mai gyara da ya bar "raba" ko "cire" suna yawo a wuraren biyu ya ɓatar da bambancin da harshen ya ba shi kyauta. Sunayen masu ƙirƙira da haruffan taƙaitawa sai a bar su yadda suke: majonin Janney, majonin Scharfenberg, majonin SA3, majonin ABC.

Bisa waɗannan zaɓuɓɓuka, ga yadda farkon babin zai iya kasancewa:

(7) Majoni, jam'i majonai: ƙarfen da ke jona tarago da tarago, ko tarago da kan jirgi, yana ɗaukar nauyin ja. Majonin hannu sai mai jona taragai ya shiga tsakani ya rataya shi, kuma yakan bukaci matokarai a gefe. Majoni mai kamawa da kansa yana ja yana kuma tokarewa. Yana kamawa da zarar taragai sun haɗu, muddin yatsa ɗaya a buɗe yake kuma kawunan suna fuskantar juna. Da sanda ake ɗaga sakatarsa daga gefen tarago in za a kwance shi. Bututun birki ba ya cikin abin da yake jonawa. Wannan da hannu ake yi, bayan jirgi ya tsaya cik.

Jimlar ƙarshe ta (7) ba ta cikin abin da ma'anar kalma take bukata, kuma mai son taƙaitawa zai so ya share ta ko ya tura ta can ƙasan babi. A sakin layi na farko ya kamata ta zauna, domin masu duba kundin ilmi da yawa daga nan suke rufe littafi.